Lafiya Lau a Ƙarƙashin Ruwa

Tun da na dawo daga London, da wuya in zauna a majalisa ko a ofis wani bai ce mini, "Dakta, wai da gaske ne ka shiga ƙarƙashin ruwa da tukunya a baya?" ba. Wasu neman abin dariya ne ke kawo su, wasu kuma suna so su ji yadda aka ƙare da maganar ɗana, domin sun san ita ce ta kai ni. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki guntunsa ya ƙara masa gishiri, har ya dawo kunnena cewa wai kifi ne ya koro ni. Saboda haka na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru.

Ga mafarin, domin wanda bai sani ba. Ɗana na fari, wanda ake kira Halifa saboda sunan mahaifina gare shi, ya tafi Ingila karatun injiniya, ya gama, ya sami aiki a wani kamfanin gine-gine. A bara ya bugo waya ya ce yana so ya ajiye aikin ya zama malamin nutso, wato mai koya wa mutane shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska. Mahaifiyarsa ta yi kwana da kwanaki ba ta ci abincin kirki ba. Ni mutumin Wudil ne, a bakin kogi na tashi, kuma a wurinmu yashi ko kifi ko gawa ne ke sa namiji ya yi nutso. Ban taɓa jin wanda ya yi shi don nishaɗi ba, balle a ce an biya kuɗi an koya. Yaron ya ce ba zai bar aikinsa ba sai da albarkata, idan kuma na ce a'a, magana ta ƙare. Abu ɗaya ya roƙa: in zo in koya a hannunsa, in ga abin da yake gani a can ƙasa, sa'an nan in yanke hukunci. Na amsa, domin na shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibaina kada su yanke hukunci kan abin da ba su bincika ba. Amma a cikin raina, hukuncin yana cikin aljihuna tun kafin in sayi tikiti.

Daga Kano na bi mota zuwa Abuja, daga can na hau jirgi. Hajiya, mahaifiyar tasa, ta cika mini akwati da kuka da daddawa da yaji, ta ɗora ƙunshin kilishi a sama, ta ce, "Wannan nasa ne. Ka ba shi, kuma ka taho da hankalinsa gida." A filin jirgin London wata jami'a ta duba fasfo ɗina ta tambayi abin da ya kawo ni. Na ce ziyarar ɗana. Ta ce me yake yi? Na ce injiniya ne. Ba ƙarya na yi ba, amma na lura da irin saurin da bakina ya yi wajen zaɓar wannan amsa. A wurin binciken kaya kuwa na kai kaina da kaina, na ce ina ɗauke da nama. Jami'in ya ce doka ba ta yarda da shi ba, ya karɓe kilishin, ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ne ya shigo da shi. Har ya sunsuna ya ce abin takaici ne. Ban taɓa ganin an ƙwace mini kaya cikin ladabi irin wannan ba.

Halifa yana jirana a bakin ƙofar fita. Dama da hagu mutane sai rungumar juna suke yi, wasu har da kuka. Shi ya rusuna ya gaishe ni, ni kuma na dubi gefen kafaɗarsa na ce, "Ka zo?" Wanda ba Bahaushe ba zai ɗauka faɗa muka yi. Ɗan fari ne, kuma yadda aka tarbiyyantar da ni, uba ba ya zuba wa ɗan farinsa ido, ba ya yabonsa a gabansa, ba ya kuma nuna masa gajiya. Ban tuna ranar da na dubi fuskarsa sosai ba tun yana goye.

Mun hau jirgin ƙasa muka ratsa birnin tun daga yamma har gabas, zuwa Barking. Tafiyar da nisa, kuma duk tsawonta babu fasinjan da ya ce da wani uffan. A can Halifa yake haya a gidan wani Alhaji Issaka, mutumin zangon Kumasi, direban tasi, wanda ya fi shekara ashirin a ƙasar. Hausarsa irin ta zango ce, mace da namiji duk "shi" ne. Gidajen unguwar a jere suke, bango ɗaya da na maƙwabci, matattakala kuma ƙunci gare ta har sai an ɗora akwati a ka. Alhaji ya tarye ni da shinkafa da wake irin nasu na Gana, da wani baƙin yaji mai kifi wanda ya sa na yi hawaye a gaban baƙi.

"Dakta, ci, ci," in ji shi. "Gobe za ka sha ruwa, gara ciki ya samu abin tarewa. Ni fa na yi booking ɗin ranar da za ku je ramin nutson nan. Babu aiki ran nan. Sai na ga malamin jami'a cikin rigar roba da idona."

Kafin a bar ni in taɓa ruwa sai da likita ya duba ƙirjina da jinina, saboda shekaruna. Daga nan aka fara darasi a wurin ninƙaya na council, wato hukumar unguwa, ranakun Asabar da Lahadi da safe. Ƙungiya ce ta masu sha'awar nutso, kuma babbar malamarsu wata Baturiya ce mai suna Maureen, tsohuwar direbar bas, ta haura sittin, gajera, murya kamar ta mai kiran fasinja a tasha. A ƙarƙashinta Halifa yake neman ƙwarewa. Ita ta sa na yi iyo na kai na komo don ta tabbatar na iya, kuma kogin Wudil bai kunyata ni ba, ko da yake na fito ina haki.

Kayan suna da yawa: tukunyar iska a baya, bututun numfashi a baki, gilashi mai rufe ido da hanci, ɗamarar dalma don mutum ya nutse, da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Gilashin ya yi ta shigo mini da ruwa har Maureen ta gano gashin bakina ne ke hana shi kamawa. Washegari na rage gashin bakin da nake ji da shi tun ina digiri na biyu. Alhaji Issaka ya dube ni a kicin ya ce, "Dakta, tun ba a je ko'ina ba an fara yanka ka."

Ba zan ɓoye ba, ranar da na durƙusa a ƙasan wurin ninƙayar na ja numfashi, iska ta shigo, wani abu ya motsa a raina. Duk abin da jikina ya sani tun yarinta shi ne ruwa da numfashi ba sa haɗuwa. Sai ga ni zaune a ƙasa, babu nauyi, babu hayaniya, sai ƙarar numfashina da kumfa mai hawa sama kamar an watsa azurfa. Na yi tasbihi a zuciyata.

Amma mutanen ne suka fi ba ni mamaki. Ba mai shiga ruwa shi kaɗai. Kowa da abokinsa, kuma kafin a shiga sai kowa ya duba kayan ɗan'uwansa, ya ja maɗauri, ya shaƙi iskar tukunyarsa ya ji. Na ga wani babban lauya mai furfura ya tsaya ya buɗe hannuwa kamar yaron da za a sa wa riga, wata ɗaliba sa'ar 'yarsa tana jan maɗaurinsa tana ce masa bai ɗaure wannan da kyau ba. Godiya ya yi mata. Na tuna yadda a wurinmu ƙaramin ma'aikaci zai ga babba ya yi kuskure ya haɗiye, don kada a ce ya yi rashin kunya. Suna kuma da wata ƙa'ida da Maureen take maimaitawa kullum: kowa yana da ikon ya ce a fasa nutso, a kowane lokaci, kuma ba za a tambaye shi dalili ba. Na gwada wannan da ƙuruciyarmu a bakin kogi, inda yaron da ya ce ya fasa zai sha suna har ya yi aure.

Da yake ba a magana a ƙarƙashin ruwa, da hannu ake yi. Idan malami ya haɗa babban yatsa da manuni ya yi zobe, tambaya yake yi: kana lafiya? Idan lafiya kake, ka mayar masa da zoben. Idan da matsala, ka shimfiɗa tafin hannu ka girgiza shi, ka nuna inda matsalar take. Maureen ta tsayar da mu ta ce, "Wannan ba gaisuwa ba ce. Tambaya ce, kuma abin da ka amsa da shi abokinka zai yi aiki." Na gyaɗa kai, ina ganin wannan ne darasi mafi sauƙi da aka ba ni tun zuwana.

A waɗannan makonni na riƙa satar kallon Halifa. Akwai wata mata 'yar Jamaika da tsoro ya hana ta cire gilashi a cikin ruwa. Ya durƙusa gabanta, ya riƙe gwiwar hannunta, bai matsa mata ba, bai kuma ƙyale ta ba, har ranar da ta cire ta mayar, ta fito tana dariya da kuka a haɗe. Yaron da na sani mai gaggawa ne, wanda ba ya iya jiran shayi ya huce. Ban san inda ya samo wannan haƙurin ba. Duk da haka na ce wa kaina, haƙuri a wurin wanka daban, sana'ar da za ta riƙe iyali daban.

Ranar gwaji na gaske ta zo. Ba teku za mu ba, wani tsohon ramin fasa dutse ne a tsakiyar ƙasar, wanda ruwa ya cika, aka mayar da shi wurin koyon nutso. Halifa ya ce an nutsar da wata tsohuwar bas a ciki, kifaye suna shiga ta taga suna fita ta ƙofa, kuma idan rana ta fito haskenta yakan sauko ginshiƙi-ginshiƙi. "Wannan nake so ka gani, Baba," in ji shi. "Idan ka gani ba sai na yi bayani ba." Hujjarsa ke nan gaba ɗaya, kuma mu duka mun san haka.

Alhaji Issaka ya ɗauke mu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Hanya shimfiɗaɗɗiya, ba shinge, ba mai tsayar da kai ya ce me ka kawo mana. Muka kwana a wani ƙaramin masauki na wasu tsofaffi, mata da miji. Da safe matar ta ji ba ma cin naman alade, sai ta shiga damuwa kamar an yi mata rasuwa, ta yi ta turo ƙwai da wake da burodi har Alhaji ya ce, "Tsohuwar nan ya fi matana tausayi na." Mijin kuma, da ya ga muna neman alƙibla, ya ɗauko taswira ya auna mana da kansa.

A bakin ramin motoci ne cike, mutane suna sa kaya a fili cikin sanyin da ya sa yatsuna suka ƙi lanƙwasa. Na shiga rigar roba mai kauri da taimakon mutum biyu, Alhaji yana ɗaukar hoto yana cewa Kumasi da Kano duk sai sun gani. Halifa ya duba kayana, ni ma na duba nasa. Shi ne abokin nutsona, Maureen tana biye da mu.

Ruwan kore ne, da sanyin da ya buge ni a fuska kamar mari. Akwai igiya da ta sauka zuwa wani dandamali a ƙasa, ita za mu bi sannu a hankali. An koya mana cewa ruwa yana danna kunne yayin sauka, don haka mutum ya toshe hanci ya hura a hankali har kunnen ya buɗe. Idan ya ƙi, a tsaya, a ɗan hau, kada a matsa. Kunnena na dama ya buɗe. Na hagu ya ƙi. Da farko nauyi ne, sai ya zama zafi, sai ya zama kamar ana murɗa ƙusa.

Halifa yana gabana, fuska da fuska, hannunsa a kan igiya. Ya yi mini zobe. Na mayar masa da zobe.

Ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ne ya amsa, kamar yadda bakina yake amsa "lafiya lau" tun kafin mai gaisuwa ya rufe nasa. Muka ƙara sauka kaɗan. Zafin ya kai har idona na hagu ya rufe da kansa. Ya sake tambaya. Wannan karon na san abin da nake yi: ɗan farina ne a gabana, ba zan girgiza masa hannu in nuna masa inda ke mini ciwo ba. Na sake yin zoben.

Bai karɓa ba. Ya matso har gilashinsa ya kusa taɓa nawa, ya zuba mini ido. A ƙarƙashin ruwa babu gefen kafaɗar da za ka duba, babu inda za ka kai fuska. Dole na dube shi. Idon mahaifina ne sak, ban taɓa lura ba. Ya kama maɗaurin ƙirjina, ya ɗaga babban yatsa, alamar a hau. Na girgiza kai. Ya sake ɗagawa, bai sake ni ba, muka hau a hankali, a hannunsa.

Da muka fito na ga ɗan jini a cikin gilashina.

"Kunnenka ne, Baba?"

"Ba komai. Mu koma."

"Na tambaye ka har sau biyu, ka ce lafiya."

"To me kake so in ce?"

"Abin da yake akwai." Ya sunkuyar da kai, muryarsa ta yi ƙasa. "Ka gafarce ni, Baba, amma an yi cancel. Yau da gobe duka, sai likita ya duba ka."

Na ce, "Ka san abin da kake yi kuwa? Ban ga komai ba sai igiya. Kwanakina a ƙasar nan sun kusa ƙarewa. Idan muka koma haka, a kan igiya zan yanke hukunci."

"Na sani."

Na juya wajen Maureen, ina tsammanin babba za ta fahimci babba. Na ce mata abu kaɗan ne, zan iya jurewa. Ta tofar da ruwa ta ce, "Malaminka ya riga ya yi magana. Ni yau 'yar rakiya ce."

Na fito na zauna a bayan motar Alhaji Issaka, raina a ɓace, kunya kuma ta fi ɓacin ran. Ya miƙo mini shayi daga fulas, ya tambayi abin da ya faru, na gaya masa. Na ɗauka zai yi dariya, ya kuwa yi, amma gajera.

"Dakta, ai mu haka muke. Mutum yana gadon asibiti, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi." Ya juya kofinsa. "Tsohuwana, ranar Talata na kira shi Kumasi, ya ce Issaka lafiya lau, ka yi aikinka. Alhamis aka binne shi. Da ya ce mini zo, da na hau jirgi."

Na yi wa mahaifiyar tasa addu'a.

Likita a London ya ce dodon kunnen bai fashe ba, amma ya ji jiki, kuma da na ƙara sauka da labari ya sha bamban. Ya hana ni nutso na makonni, ya ce in ɗan jinkirta hawa jirgi. Kwanakin jinkirin na yi su ne ina yawo a kasuwar Deptford, ina sayen tsarabar da ban buƙata, ina tuhumar kaina. Har yau ban yarda cewa "lafiya lau" ɗinmu ƙarya ce ba. Godiya ce ga Allah, kuma hanya ce ta ƙin ɗora wa mutane kayanka. Amma a kan igiyar nan, godiya nake yi ko girman kai? Kuma wa na sauƙaƙa wa? Da kunnen ya fashe, jiri ya ɗebe ni a cikin ruwan, a wuyan yaron nan kayan za su faɗa, har ƙarshen rayuwarsa.

Sa'an nan na auna nasa ɓangaren. Abin da yake so a duniya yana ƙasa da mu kaɗan. Ubansa da kansa ya ce masa lafiya, har sau biyu, ga kuma shaida a bayanmu. Ba wanda zai zarge shi da ya ci gaba. Ya zaɓi ya rasa hujjarsa, ya kuma saɓa mini a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. A kwanakin nan bai sake tayar da maganar aikin ba ko sau ɗaya. Na ga ya goge takalmansa na ofis ya ajiye a bakin ƙofa.

Ana jibi zan tafi, muna cin tuwon da ya tuƙa da kukar mahaifiyarsa, na ce, "Kai." Ya ajiye cokali. Na ce, "Mutanen da za su riƙa zuwa wurinka, kowannensu ɗan wani ne. Yadda ka yi mini, haka za ka yi musu, ko sun ji haushi. Allah ya yi maka albarka a cikinta." Ya daɗe bai ɗago ba. Alhaji Issaka, wanda ashe yana laɓe a matattakala, ya ce amin da ƙarfi.

Da na kira Hajiya na gaya mata, ta ce, "To me ka gani a ƙarƙashin ruwan da ya juya ka haka?" Na ce igiya na gani, da idon ɗanta. Har yanzu ba ta gama yafe mini ba, ko da yake na ji tana gaya wa maƙwabciya cewa Turawa ma a hannunsa suke koyo.

Saboda haka masu tambaya su sani: ban sami takardar shaida ba, ban ga bas ɗin ba, kuma babu kifin da ya kore ni.

A filin jirgi muka yi sallama irin tamu, ya rusuna, na ce ya riƙe salla. Bayan na wuce shingen da 'yan rakiya ba sa ƙetarewa, na waiwaya. Yana tsaye cikin jama'a, ya ɗaga hannu sama da kawunan mutane, ya haɗa yatsu ya yi mini zobe. Hannuna ya fara tashi da kansa zai mayar. Na tsayar da shi. Na shimfiɗa tafin, na girgiza, na nuna ƙirjina.

Ya gyaɗa kai, bai kawar da ido ba. Ni ma ban kawar ba, har mai duba fasfo ya ce mini in matsa gaba.